Mai Alli da Mota ta Tara

Baffana, wan mahaifina, ya yi shekara ashirin da shida yana rubuta lamba a jikin motocin mutane, kuma ba a taɓa kama shi da ha'inci ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ban faɗi alherinsa ba. Na faɗa. Sauran labarin zan ba da shi yadda ya faru, wanda zai ji haushi ya ji.

Ƙasarmu ba ta da teku. Duk abin da muka noma ko muka haƙo sai ya hau bayan babbar mota, ya bi hanya guda, ya ratsa ƙasar maƙwabta kwana uku kafin ya kai tashar jiragen ruwa. Duk abin da muke saye daga waje kuma, tun daga maganin zazzaɓi har allurar keken ɗinkina, ta nan yake hawowa. Hanyar ta matse ne a wani gari na bakin iyaka, inda kwalta ta bi tsakanin doguwar katangar kwastan da wani rami mai zurfi da ruwan sama ya ci, ta ƙare a gaban shingen ƙarfe. Garin ba shi da sana'ar da ta wuce jira. Mai faci, mai wanki, mai gyaran birki, mai sayar da abinci, kowa daga jiran direbobi yake ci.

Da can Baffa direba ne. Ruwan batir ya fantsamar masa a fuska ya cinye idonsa na dama, tuƙi ya ƙare. A lokacin layin motoci ba shi da mai tsawatarwa, mai ƙarfi da mai baki su ne a gaba, har ranar da tirela biyu suna rige-rigen shiga suka matse wani direba ya mutu a tsaye. Ƙungiyar direbobi ta zauna, ta nemi wanda ba ya tsoro ba ya kwaɗayi, aka miƙa wa Baffa kwalin alli. Daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Mai Alli. Har matarsa haka take kiransa idan ranta ya ɓaci.

Dokarsa gajeriya ce. Mota ta iso, ya rubuta mata lamba a ƙofar direba. Kullum ƙarfe bakwai na safe ya bi layi da sandarsa, ya bugi ƙofa, ya kira lamba. Direban da kansa zai amsa, ya tayar da inji Baffa ya ji da kunnensa. Ba a aiko wakili, saboda a da masu motoci da yawa kan ajiye 'yan zaman banza su riƙe musu wuri, talaka mai mota ɗaya ya yi ta kallon ana wuce shi. Wanda bai amsa ba, Baffa ya tofa yawu a tsumma ya goge lambar, motar ta bi gefen hanya ta koma ƙarshen layi. A zamanin da jira bai wuce kwana biyu ko uku ba, dokar nan adalci ce tsantsa, ni ma na yarda. An sha kai masa buhun shinkafa gida, ya sa a mayar. Wani mai tireloli goma sha biyu ya taɓa zuwa da kansa yana masa daɗin baki, Baffa ya juya masa gefen mataccen idon ya ce, "Ta nan kake tsaye, Alhaji, ban gan ka ba." Direbobi suka yi shekaru suna maimaita maganar suna dariya, shi kuwa yana jin daɗi fiye da yadda ya kamata.

Abin da ba sa faɗi shi ne, mutumin nan ya fi son a ce ba ya lanƙwasa a kan a ce yana da kirki. A gidansa ma haka yake. Yana auna wa matarsa lokacin kasuwa, yana da kujerar da ba wanda ke zama a kanta. 'Ya'yansa biyu suna yin ƙarfi suka gudu birni, ba su waiwayo ba.

Mahaifina shi ne ƙaramin ɗakinsu, Baffa ne ya riƙe shi bayan rasuwar kakanmu, shi ya koya masa tuƙi. Har ya yi furfura Baffa bai daina kiransa Auta ba, shi kuma bai taɓa ɗaga ido ya ce wa Yaya a'a ba. Mutum ne mai sanyi, mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Shekara ashirin yana tuƙa motocin wasu kafin ya mallaki tasa, tsohuwar mota mai tari da safe. Ni na ɗinka masa tamfol ɗinta, don ni tela ce, a garinmu nake zaune da Umma, tafiyar yini guda daga bakin iyaka.

Baba ya ɗauko auduga ya isa shinge wata ranar Talata, Baffa ya rubuta masa tara. Da safe shinge bai ɗaga ba. Aka ce na'urar kwastan ce ta lalace a can ɗaya gefen. Bayan mako guda rediyo ya faɗi gaskiya, ko dai rabinta. Gwamnatinmu ta sa hannu da wata babbar ƙasa ta nesa a shimfiɗa layin dogo zuwa wata tashar ruwa daban, maƙwabta kuma wata babbar ƙasar ce ta gina musu tasu tashar, ba ta son kayanmu su bi ta wani wuri. A kan haka aka rufe iyakar. Maƙwabta suka ce mu muka fara, namu suka ce su ne. Masu rigimar na ainihi ba wanda ya taɓa ganin ramin nan da idonsa, kuma ina da tabbacin ba su san akwai wani tsoho mai ido ɗaya da ke riƙe musu layi kyauta ba.

Motoci suka yi ta zuwa, don masu kaya sun ce ai ba za ta daɗe ba. Ɗari, ɗari biyar, dubu da 'yan kai. Layi ɗaya ya zama biyu, daga baya har gefen hanyar da ake komawa ta ciki ya cushe, aka jera uku uku tsakanin katanga da rami, ko keke sai an ɗaga shi sama. Albasa ta ruɓe, warinta ya shiga har cikin tufafin mutane. Masu ɗauke da dabbobi suka yanka na yankawa suka zubar da sauran a rami. A garinmu kuwa magani ya yi wuyar samu, sabulu ya koma abin ɓoyewa. Baffa bai fasa fitowa ƙarfe bakwai ba, sai dai yanzu kiran layi yana kai shi har rana ta take. Mutanen da ba su da abin sawa a baki suna sayen gas a kwalba don injin ya yi ƙara na minti ɗaya tsohon ya ji. Wasu suka sayar da tayar ajiya, wasu suka sayar da katifar kwanansu. Ba wanda ya ce masa dokar kwana uku ba ta wata shida ba ce. Kowa na tsoron ranar da za a buɗe a ce babu layi, a koma zamanin matse mutum.

A wata na biyu, tun gefen hanya bai toshe ba, wani direba da ake kira Gajere ya tafi jana'izar ɗansa, ya yi kwana biyu. Lambarsa goma sha huɗu ce. Ya dawo ya tarar an goge. Ya durƙusa a kan kwalta gaban jama'a yana roƙo, Baffa ya ce masa, "Allah ya ji ƙan yaro. Ja motarka." Gajere ya ja ta ya koma can baya, wajen da ko katangar ba a hangowa.

Umma ta kwanta a wata na biyar. Ciwon ciki ne da ya daɗe yana cinta tana ɓoyewa, maganin da likita ya rubuta kuma yana cikin wata kwantena a can bakin teku, yana jiran manya su shirya. A wata na shida likita ya kira ni gefe ya ce a tara 'yan'uwa. Umma ba ta nemi kowa ba sai mutum ɗaya, Baba. Na haɗa su a waya, ta ce masa, "Ka zo in gan ka. Ba magana nake so ba, maganar ta ishe ni. Ganinka nake so."

A makon ne kuma aka ce ministocin ƙasashen biyu za su zauna, har ana raɗe-raɗin za a bar mota hamsin su wuce don nuna kyakkyawar niyya. Mota hamsin cikin dubu da ɗari biyu. Baba na tara.

Na bar Umma a hannun ƙanwarta na hau mota na je da kaina, don na san Baba ba zai iya buɗe baki ba. Na same su da azahar, Baffa ya gama kira yana zaune a kan benci gindin katanga yana goge allin hannunsa. Baba na tsugune gabansa kamar mai laifi.

"Kwana uku ne, Yaya," in ji Baba. "Yini tafiya, yini zama, yini dawowa."

"Ban hana ka ba, Auta. Ƙafarka ce."

"Lambar nake nufi."

"Ka san dokar lamba tun kafin a haifi wannan," ya nuna ni da haɓa.

Na ce, "Baffa, mutuwa take yi. Matar ƙaninka ce. Shekara talatin tana wanke maka hannu in ka zo gidanmu."

"Da manya ake magana, tela."

Direbobi sun taru. Mai lamba goma, wani dattijo mai ɗauke da fatu, ya ce shi ya yafe, a bar shi ya je. Na sha ɗaya ya ce haka, na sha biyu ma. Wani ya ce shi zai riƙa tayar da injin. Baffa ya bari suka gama, sannan ya ce, "Kun yafe, kun kyauta. Gajere fa? Wa zai je can baya ya gaya masa ɗansa bai kai matar ƙanena ba? Da wane idon zan kalle shi? Ɗaya ya rage mini." Wasu har sun yi dariya, sakarkaru, sun ɗauka wata sabuwar maganar ce ta maimaitawa.

Yana da hujja, ban musa ba. Amma na ga fuskarsa a lokacin, kuma ba baƙin ciki na gani ba. Mutum na gani da ya daɗe yana jiran jarrabawar da za ta nuna wa duniya ko shi wane ne, ga ta ta zo, ga jama'a sun cika. Da zai iya kiran Gajere ya mayar masa da lambarsa, ya ce dokar ta yi tsauri, a sassauta wa kowa. Wannan yana nufin ya ce ya yi kuskure, Baffa kuwa gara a yanka shi.

Ya juya ya ce wa Baba, "Idan ka tafi aka buɗe, motarka za ta tsaya a filin gefen shinge sai na ƙarshe ya wuce. In an sake rufewa kafin nan, shi ke nan. Wata shida ka yi a nan. Me za ka kai mata, hannu biyu? Ka daure zuwa Litinin. Ciwo ba mutuwa ba ne."

Baba ya dube ni. Na so ya tashi, na rantse da ya tashi da ko motar ta ƙone ba zan damu ba. Sai ya ce, "Ki ce mata Litinin. In na tsallaka da kayan nan zan bar motar a can in hau ta haya in dawo." Na koma gida da wannan saƙon. Umma ta saurara, ta ce, "To," ta juya fuskarta bango. Ba ta sake tambayarsa ba.

Ta rasu ranar Asabar da asuba. Na buga wa Baba waya ƙarfe bakwai saura, na gaya masa. Ina jin numfashinsa, har na ji bugun sanda a jikin ƙarfe da muryar Baffa ta ce, "Tara!" Na ji mahaifina ya ce, "Na'am." Na ji injin ya yi tari ya tashi. Sai na kashe wayar.

Ministoci suka zauna ranar Litinin a wani otal, suka ɗauki hoto suna musabaha, suka kafa kwamiti. Ko mota ɗaya ba ta wuce ba.

Na ɗauka Baba zai dawo gida bayan haka, ko ya kama wuyan wansa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da kwana a kan motarsa, kuma duk layin ba wanda ke riga shi amsawa. Mai fatu ya kira ni ya ce in zo, ubana ya daina wanka, abinci sai an matsa masa. Na tattara keken ɗinkina na koma garin, matar Baffa ta ba ni ɗakin 'ya'yanta da suka gudu. Ina facin tamfol da rana, ina kai wa Baba abinci. Ni da Baffa muna gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A wata na tara aka yi sulhu. Rediyo ya cika da kiɗa, manya suka yi jawabi a kan zumuncin ƙasashen biyu. Sai dai cikin yarjejeniyar an ce za a buɗe sabuwar mashiga can gabas, kan wata hanya da ɗaya daga cikin manyan ƙasashen nan ta shimfiɗa cikin gaggawa muna nan muna tayar da inji. Tsohon shinge kuma an rufe shi har abada, don kowane ɓangare ya ce ba shi ya sauko ba. A sabon wurin, ta waya ake ba da lamba, wanda ya fara isa shi ne na farko.

Na baya suka fara juyawa, tunda su ke da fili. Gajere yana cikin goman farko da suka tsallaka. An ce da ya juya motarsa ya danna oda bai saki ba har ya fita gari. Duk waɗanda Baffa ya hukunta suka riga kowa. Masu biyayya na gaba, waɗanda ba su taɓa fashin amsawa ba, suna matse tsakanin katanga da rami, sai da aka yi kwana goma sha tara ana janye motoci da baya ɗaya bayan ɗaya, wasu tayoyinsu sun manne da kwalta. Suna wucewa ta gaban bencin Baffa, wasu su tofa yawu, wasu su kau da kai. Mai fatu ne kaɗai ya tsaya, ya ce, "Mai Alli, da ka taɓa cin hanci ko sau ɗaya, da mun san mutum ne kai mun yi maka gardama."

Mai audugar ya turo wata mota aka kwashe kayansa. Garin ya watse, mai faci ya bi hanya gabas, mai wanki ya bi shi, kwastan suka kulle ofis suka bar mai gadi. Motar Baba kaɗai ta rage, babu kaya a bayanta. Ranar da aka janye ta ƙarshe cikin takwas ɗin da ke gabansa, ya tayar da injin ya matsa gaba har hancin motar ya kusa taɓa shinge, ya sauko ya zo gidan wansa.

"Yaya, na gabana sun tafi. Zo ka gyara lamba."

"Auta, ka tafi gida. An gama. Ba za a buɗe ba."

"Kai ka ce in daure. Na daure. Zo ka rubuta."

Baffa ya je. Ina tsaye ya goge tara ya rubuta ɗaya, allin ya karye a hannunsa. Baba ya duba da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce, "Gobe ƙarfe bakwai."

Yau shekara biyu da wata huɗu. Ciyawa ta fasa kwalta, awaki na kwana a ƙarƙashin motar. Kullum ƙarfe bakwai Baffa yana zuwa ya bugi ƙofa ya kira ɗaya, Baba ya amsa ya tayar da inji. Ni nake sayen gas ɗin da kuɗin ɗinkina, kwalba ɗaya tana yin mako. Mutane na cewa mahaifina ya taɓu. Ban sani ba. Yana gane ni, yana cin abinci, yana tambayar labarin duniya, har gardamar siyasa yake yi da mai gadi. Gida ne kawai ba ya ambata, don in ya koma sai ya shiga ɗakin nan ya tambayi kansa abin da ya zauna jira.

Baffa ya tsufa lokaci guda. Gwiwoyinsa sun kumbura, idon da ya rage ya fara hazo, tafiyar daga gida zuwa shinge tana cin masa rabin awa. Kwanakin baya ya same ni a kan keke, ya daɗe a tsaye bai zauna ba. Ya kira ni 'yata, kalmar da bai taɓa faɗa mini ba.

"Ki yi wa Auta magana," ya ce. "Ke yana jin taki. Ki ce ya yafe mini zuwan nan, ko na kwana uku ne, in huta ƙafata. Na yi kuskure. Kin ji na faɗa."

Na ji. Na ce masa zan duba. Ban yi wa Baba maganar ba, kuma ba zan yi ba. Matar Baffa ta daina tashinsa tun bara, ta ce ita ba za ta iya kallo ba. Ni ce nake ƙwanƙwasa masa ƙofa ƙarfe shida da rabi, kuma ba na matsawa sai na ji ya sauko da ƙafafunsa ƙasa.